Dutsen Goge Kaushi Daga Govan

Lizzy Pam ba ta yarda da mai dogon bayani. Fiye da shekara ashirin ke nan tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi a bayan Upper Marlboro, a jihar Maryland ta Amurka, tana juya waɗanda ba sa iya juyawa, tana wanke waɗanda ba sa iya wanka. A wannan aikin ta gane cewa 'ya'yan da suka fi kowa iya kuka a ofishin manaja su ne waɗanda ba su san inda ake ajiye tawul ɗin uwarsu ba. Su zo ranar Lahadi da furanni, su ɗauki hoto, su ce wa nas, "Don Allah a kula mana da ita, ita ce komai namu." Kafin furen ya yi yaushi sun manta lambar ɗakin.

Daga Bukuru ta zo, da bizar lotiri da akwati ɗaya. Mijin da suka zo tare ya daɗe da bin wata zuwa Texas, ya bar mata yara biyu da alkawura masu yawa. Yaran sun girma sun kama gabansu. In ta yi musu Hausa a waya, su amsa da Turanci. Wadda ta rage mata a gidan ita ce uwarta, Mama Olive, a ɗakin ƙasa, da injin oksijin yana huci a gefen gado. Da safe Lizzy ta yi mata wanka, ta dama mata kunun acha, ta bar makulli wurin maƙwabciyarta Rahmatu, wata 'yar Damagaram mai ɗinki a gida, don ta riƙa leƙawa. Da yamma ta dawo da ƙafafu a kumbure, ta ɗora daga inda ta tsaya.

Mama Olive fara ce sol, mai laushin gashi, kuma wannan farin bai taɓa yi mata rana ba. Ubanta Bature ne ɗan Scotland, makanike mai gyaran injinan haƙar kuza a Bukuru lokacin yaƙin duniya na biyu. Sunansa Archie Galbraith. Leburori suka ga sunan ya yi musu nauyi a baki, suka mayar da shi Garba. Yana da kuku, yana da boyi, yana da mai gadi. Uwar Olive, Chundung, wanki take yi masa. Ta ƙofar baya take shiga, ta ƙofar baya take fita. Da aka haifi yarinyar ya leƙa sau ɗaya, ya ce a sa mata Olive. Da kwantiraginsa ya ƙare ya hau jirgin ƙasa, ya bar butar shayi da bargo. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Yarinyar ta tashi ana ce mata 'yar Garba. Da ta yi aure a gidan Pam, matan gidan suka samu wurin taɓawa. In an yi 'yar cacar baki sai wata ta ce, "Ke in kin yi yaji ina za ki? Jirgin sama za ki tare?" A dangin Pam kuwa akwai abin da ake yi. Wanda ya mutu a nesa, a Legas ko a Kano, in ba a iya kawo gawarsa gida ba, sai a ɗebi ƙasa daga ƙofar gidan ubansa a kai, a sa a cikin akwatin gawar, don kada ya kwanta kamar baƙo. Olive ta sha ƙulla wa wasu irin wannan ƙasar a tsumma. Tana ƙullawa tana sane da cewa ita ba ta da ƙofar da za a ɗebo mata.

Ta riga ta faɗa wa Lizzy cewa a Maryland za a binne ta. "Kada a sa ni a jirgi kamar dilar gwanjo. Inda na faɗi, nan za a rufe ni." Likitan zuciya kuma ya riga ya yi wa Lizzy irin maganar nan tasu mai laushi, wadda ma'anarta ita ce a fara shiri.

Ana cikin haka Dachung ya gano asali.

Dachung yayan Lizzy ne, yana zaune a College Park. In aka tambaye shi aikinsa sai ya ce shi mai ba da shawara ne. A kan me, har yau Lizzy ba ta gane ba. Babu kwamitin da ba ya ciki a coci, babu kuma kujerar da ya taɓa ɗagawa bayan taro. Lokacin da aka ɗauko Mama daga Jos, bayan rasuwar babansu, shi ya miƙe a gaban dangi ya ce rabin shekara a gidansa, rabin shekara a gidan Lizzy. Tun ranar ake gyaran ɗakin da Mama za ta zauna, har yau ba a gama ba. Yakan zo ranar Lahadi, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi doguwar addu'a, ya tafi kafin lokacin canza zanen gado.

Shi ne ya tofa yawu a 'yar kwalba ya aika wa masu gwajin asali. Bayan 'yan makonni suka haɗa shi da wata tsohuwa mai suna Irene, a unguwar Govan cikin birnin Glasgow. Ashe Garba da ya koma gida ya yi aure, ya haifi 'ya. Irene ƙanwar Mama Olive ce, uba ɗaya.

Kafin Mama ta gama jin labarin, duk 'yan coci sun ji. Dachung ya sayi siket ɗin nan na mazan Scotland mai gidan dara, da safa har gwiwa, da wata 'yar jaka mai gashi da ake ratayawa a gaba. Shagon da ya sayar masa da kayan a intanet ya gaya masa cewa masu sunan Galbraith suna da tsohon gidan sarauta, da tuta, da kirari. Daga ranar ya fara cewa "mu jinin sarauta" ba tare da ya yi ko murmushi ba. Ya yanki tikiti, shi da matarsa Linda.

Ranar da ya zo sallama, Mama ta sa Lizzy ta tayar da ita zaune.

"Dachung, ni ba zan iya hawa jirgi ba. Abu ɗaya nake so. Ka je ƙofar gidan ubana, inda ya taka yana yaro, ka ɗebo mini ƙasa. Ko cikin tafin hannu ne."

"Mama, wannan ai ƙaramin abu ne. Ni da zan kawo miki tarihi gaba ɗaya..."

"Ban aike ka tarihi ba. Ƙasa na ce."

Ya dawo da hotuna ba iyaka. Ga shi a gaban ganuwa, ga shi a kan gada, ga shi rungume da wani mai busa algaita mai salka. Ya kuma dawo da kwalba mai kyau, an ɗaure wuyanta da ƙyalle mai gidan dara, cike da baƙar ƙasa. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya, Linda tana ɗauka a waya, ya miƙa.

"Daga bakin ƙofa na ɗebo, Mama. Da hannuna."

Mama Olive ta karɓa da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba, dama ba mai kuka ba ce. Ta riƙe kwalbar a ƙirji har suka miƙe, sannan ta sa Lizzy ta ajiye ta kusa da Littafi Mai Tsarki, inda idonta zai riƙa kaiwa. Ranar ta cinye tuwonta tas.

Lizzy ta bi shi har mota. "Yaya, ita Irene fa? Kun gan ta?"

"Mun leƙa. Tsohuwa ce kawai, a wani ɗan tsukukun gida a saman bene. Lif ɗin ma wari yake. Kin san kowane babban gida yana da reshen da ya lalace." Ya gyara madubi. "Asalin yana can inda muka je."

Lizzy ta ja baya daga motar. Ta dai lura cewa a cikin hotunan nan duka babu fuskar Irene ko a ɗaya.

Bakinsa ne ya tona shi. Ranar fikinik na coci, a wani filin shaƙatawa, rana tana dukan kowa, Dachung ya zo da siket ɗinsa na ulu yana ta zufa. Ya tsaya wurin masu gasa nama, maza sun kewaye shi, yana ba da labari. Lizzy ta taho ta bayansa da tiren masa.

"Sai ɗan kwastan ɗin nan na filin jirgin Dulles ya ce, kana ɗauke da abinci ko tsiro? Na ce masa, ɗana, abin da nake ɗauke da shi ya fi abinci. Ƙasar kakannina ce, daga lambun gidan sarautarmu. Na buɗe jaka na nuna masa. Na kama masa tarihi tun daga tushe."

"Ya ce me?" in ji Kambai, wani direban bas ɗan Kagoro, yana juya nama.

"Ya saurara tsaf. Yaro mai ladabi. Da na gama ya sa safar hannu, ya ce ba a shigo da ƙasa Amurka. Ya juye ta a jakar shara, ya miƙo mini kwalbata, har da cewa in wuni lafiya!"

Maza suka fashe da dariya. Kambai ya share hawaye da bayan hannu. "Ranka ya daɗe, Sarkin Siket. To me ka kai wa tsohuwa?"

"Haba, Kambai. Ƙasa ai ƙasa ce. Linda tana da buhun ƙasar shuka fure a gareji. Niyya ita ce muhimmiya."

Dariyar ta mutu a hankali, don waɗanda ke fuskantarsa sun ga wadda ke bayansa. Lizzy ta ajiye tiren a kan tebur ba garaje, kada masar ta zube. Ita ta soya ta.

"Yaya, ba ni lambar matar nan ta Govan."

"Lizzy, tsaya in yi miki bayani..."

"Ka riga ka yi wa ɗan kwastan. Ni lamba nake so."

A hanyar gida ta yi ta juya abin. Tana iya yin shiru, tsohuwa ta tafi da farin cikinta. Rahmatu ma haka ta ce da ta ji: "Ki rufe bakinki, Lizzy. Mi gaskiyar ga za ta ƙara mata?" Amma Lizzy ta gaji da ganin yadda ake yi wa tsofaffi a wurin aiki. A ce musu ɗanka yana hanya, ɗanka yana hanya, har su mutu suna kallon ƙofa. Kuma ita ce za ta tsaya a kan akwatin ta juye wa uwarta ƙasar garejin Linda. Hannunta ba zai iya ba.

Ta faɗa mata tana shafa mata mai a baya, ba kwana-kwana. Ƙasar kwalbar ta garejin Linda ce, ta farkon ma ba ta ƙofar uban ba ce, ta lambun 'yan yawon buɗe ido ce, kuma tana can a sharar filin jirgi.

Mama Olive ta dubi kwalbar. Sannan ta ce, "Na ga wasu fararen ƙwayoyi a ciki. Na ce ko ƙasar Turawa haka take." Ta juya fuskarta bango. Ranar ba ta sha kunu ba. Washegari ta ture gwate. Lizzy ta san wannan juyawar. Ta ga tsofaffi da yawa sun yi ta, kuma ba kasafai suke juyowa ba.

Ta kira lambar lokacin hutun cin abinci, tana zaune a motarta a wurin fakin. Turancin da ya fito daga wayar kamar ana tauna tsakuwa, na Lizzy ma bai zo wa Irene da sauƙi ba. Suka yi ta "me kika ce?" har kunnuwansu suka saba. Irene ta haura saba'in. Ta ƙarar da ƙarfinta a ɗakin wanki na wani asibiti, tana wanke irin zannuwan gadon da Lizzy ke cirewa kullum. Da suka gano haka sai hira ta miƙe.

"Yayan nan naki," in ji Irene, "na gasa masa kek, na fito da kofunan baƙi. Ya ɗosana a bakin kujera da kwat ɗinsa a jiki, kamar kujerar za ta cije shi. Ya tambaye ni ko muna da tutar gida. Tuta! Na ce masa muna da labule. Na ce ya zo in kai shi inda aka haifi Baba, ba nisa a bas. Ya ce tasi tana jira."

Lizzy ta gaya mata abin da tsohuwa ke so, da dalili, da yadda ta ƙi abinci. Ta ce ƙasa ba ta wucewa a kwastan, amma ta tambaya, an ce dutse yana wucewa in an wanke shi tas.

Irene ba ta ce abin tausayi ba, ba ta ce za ta sa su a addu'a ba. Ta ce, "Asabar. Ki ajiye wayar inda za ta gan ni."

Ranar Asabar da hantsi Lizzy ta jingina wayar da kwalbar Dachung a kan tebur. Kwalbar ta dai yi wani amfani. Ta tayar da Mama, ta sa mata tabarau. A can Glasgow ruwa ake yi. Fuskar wata tsohuwa ta cika gilashin wayar, da hular roba a ka, da hancin Mama sak, da haɓar Mama.

Tsofaffin biyu suka tsaya kallon juna.

"Kai," in ji Mama Olive da Hausa, "wannan hancin ashe ba ni kaɗai aka cuta ba."

Lizzy ta fassara. Irene ta yi dariya har wayar ta karkace.

Ta juya kyamara ta kama tafiya, sanda a hannu ɗaya, waya a ɗaya, jakar cefane a kafaɗa. Ta nuna musu kogi mai ruwan toka, ta ce a bakinsa ake ƙera jiragen ruwa a da, in an busa tashi maza su cika titi, baƙi ƙirin da mai. A nan Archie ya koyi aiki, nan ya dawo bayan Afirka, nan ƙarar ƙarfe ta kurmantar da shi. Ta nuna kusurwar da mashayarsa take, da inda shagon jingina kaya yake, wanda kwat ɗinsa na zuwa coci ya fi kwana a ciki fiye da gida. Ta wuce wasu dogayen gidaje na jan dutse da suka tsira, ta ce irinsu ne, sai dai nasu ya fi ruɓewa, shi ya sa aka rushe layin gaba ɗaya tun tana budurwa, aka watsa mutanen unguwa kowa da inda aka jefa shi. Ta sha kwana, ta tsaya tana haki.

"Nan ne."

Filin ajiye motoci ne, an shafe shi da kwalta, a bayan wani shagon taya.

"Ina gidan?" in ji Mama.

"Kin ga waccan farar motar? Wajen nan ƙofar shiga take. Hawa na uku suke. Ɗaki ɗaya, su takwas. A nan ake girki, a nan ake kwana, jariri a cikin durowa. Ban ɗaki guda ne a kan matakala, gida uku ke rabawa. Baba bai taɓa sa takalmin da aka saya don shi ba sai da ya fara aiki."

Lizzy ta fassara. Mama Olive ta cire tabarau, ta mayar.

"Garba? Garba mai kuku da boyi da mai gadi?" Dariya ta kama ta, ta koma tari, sai da Lizzy ta gyara mata robar hanci. "Uwata ta ƙare ƙuruciyarta tana bin ƙofar baya saboda ɗan ɗaki ɗaya? A gidan kakana a Gyel ko awaki suna da ɗakinsu!" Ta numfasa. "Tambaye ta kabarinsa."

Babu kabari. Ƙona shi aka yi, shi ya bar wasiyya, aka watsa tokar a kogin nan da suka gani.

"Suka ƙona shi." Mama ta jinjina kai. "To. Tambaye ta ko ya taɓa ambatona."

Irene ta juyo da kyamara fuskarta. Ruwa yana ɗiga daga hularta. "Ko sau ɗaya. Ba zan yi miki ƙarya ba. Ba ya magana sai ya sha, in ya sha kuma ba mai son jin abin da zai faɗa. Ba ki yi asarar wani abin kirki ba, 'yar'uwa. Ni da na tashi a gabansa ma ban ga abin da na samu ba. Amma sunanki na uwarsa ne. Olive. Ita ke wanke wa mutane matakala a layin nan, a kan gwiwoyinta, har ta mutu."

Lizzy tana fassarawa tana kallon uwarta ta gefen ido. Ta zaci wannan zai ƙarasa ta. Sai ta ga tsohuwar ta gyara zama. Shekara tamanin ana yi mata rufa-rufa da ba'a a kan mutumin nan. Yau an faɗa mata magana yadda take.

"Mai wanki ta haife shi, ya ƙetare teku ya samu mai wanki," in ji Mama. "Sarautar ke nan."

Irene ta ratsa tsakanin motoci zuwa ƙarshen filin. Akwai guntun bango na jan dutse, bai kai ƙugu ba, ciyawa ta tsiro a jikinsa. Ta ce ragowar ɗakin wankin tsakar gida ne, iyakar abin da ya rage ke nan. A nan kakarsu Olive take dafa ruwan wanki, a kan wannan bangon Archie yake zama yana jiranta. Ta jingina wayar a kan wani bulo, ta buɗe jakar cefane, ta zaro guduma.

Daga ɗakin ƙasa a Upper Marlboro suka zauna suna kallon tsohuwa mai ciwon gwiwa tana dukan bango a cikin ruwan sama. Dukan farko gudumar ta zame. Wani ya daka tsawa daga shagon taya. Irene ta mayar masa da abin da Lizzy ba ta fassara ba. Ta sake duka, ta sake. Wani gutsure kamar sabulun wanki ya ɓalle ya faɗi. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauka, ta kawo shi gaban kyamara.

"Ya isa?"

Mama Olive ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Lizzy, akwai sauran gwaten nan?"

Ƙunshin ya iso naɗe cikin tsohon tawul, yana warin bilic. Irene ta dirje shi da buroshi kamar zanen asibiti. Jan dutse ne mai yashi-yashi. Mama ta auna shi a tafin hannu, ta murza da babban yatsa, ta sake murzawa. Lizzy ta matsar da kwalba don ta ba shi wuri kusa da Littafi.

"A'a. Kawo baho da ruwan ɗumi."

"Mama, na akwati ne fa."

"Zai shiga akwatin. Kafin nan ya yi aiki. Mutumin nan bai taɓa ɗaukata ba, bai taɓa saya mini ko ɗankunne ba. To bari gidansa ya goge mini kaushi." Ta zuro ƙafa daga cikin bargo. "Tun da na zo ƙasar nan ban samu dutsen kirki ba. Wannan abin robar da kike sayowa susa kawai yake yi."

Lizzy ta durƙusa ta jiƙa ƙafafun, ta kama dunduniya ta fara gogawa. Dutsen kuwa ya ci kaushin. Ba ta taɓa riƙe wanda ya kai shi ba.

Haka ya shiga cikin aikin safe: wanka, dutse, mai, kunu. Mama ta ƙetare sanyin da likita bai zaci za ta ga ƙarshensa ba. Duk Asabar Irene ta kira, su zauna su yi ta cin naman Garba, ɗaya da Turancin mishan na Bukuru, ɗaya da na Govan, har suka daina neman tafinta. Ƙasar kwalba kuwa Rahmatu ta juye a tukunya ta shuka barkono, ya kuma yi 'ya'ya. Ƙasar fure ce mai kyau, ba laifinta ba ne.

Dachung ya ɗauke ƙafa na ɗan lokaci, sannan ya dawo da addu'o'insa kamar ba a yi komai ba. Mama ba ta tayar da maganar ba. Sau ɗaya dai da ya shigo ana cikin gugar ƙafa, ta nuna masa bahon ta ce, "Zo ka gaida gidan sarautarku."

Ta rasu a watan Mayu, da safe, bayan wanka, ƙafafunta sumul.

A gidan da ake shirya gawa, kafin a rufe akwati, Lizzy ta shiga ita kaɗai. Ta ɗaga ƙarshen mayafin, ta sa dutsen a ƙarƙashin dunduniyar uwarta. Gefensa ya riga ya siɗe, ya zauna daidai da tafin hannun Lizzy. Ta ce, "Ga ƙofar gidanku nan, Mama." Ta mayar da mayafi.

Jawabi kuwa Dachung ya yi shi. A coci, cikin siket, ya yi magana a kan jini biyu da suka haɗu, da duwatsun Filato da duwatsun Scotland, da yadda shi da kansa ya ƙetare teku don cika wa mahaifiyarsa burinta na ƙarshe. Mata suna ta fifita da takarda. Kambai ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa, na kusa da shi suka ɗauka kuka yake. Wayar tana kan cinyar Lizzy, Irene tana kallo daga Govan sanye da baƙar riga.

"Me yake cewa?" ta tambaya a hankali.

"Ba komai," in ji Lizzy.

Bayan an dawo daga maƙabarta, baƙi sun watse, tana kicin tana kankare tukunyar shinkafa ya same ta.

"Lizzy, dutsen nan na Mama. Na yi tunani, ai kayan tarihi ne. Na sa an yi mini ɗan akwatin gilashi, zan ajiye shi a falo da ɗan rubutu a ƙasa, don jikoki su san asalinsu. Ina kika sa shi?"

Ta ɗauraye tukunyar ta kife. Gobe tana da shif ɗin safe, kuma tana so ta biya ta gidan waya ta aika wa Irene man kaɗanya saboda gwiwa.

"Yana ƙarƙashin ƙafarta, Yaya," ta ce. "Ka san wurin. Akwai shebur a garejin Linda."